Shekarar da Aka Sauke Gafakar Baba

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da yake sako ruwa in ya so, ya riƙe in ya so, ba mai ce masa don me.

A shekarar da zan ba da labarinta, riƙewa ya yi. An yi ruwa biyu a farkon damina, mutane suka yi shuka, hatsi ya tashi har gwiwa, daga nan sama ta washe kamar an share ta da tsintsiya. Mu mutanen cikin Birni ba manoma ba ne, amma abin da ya ci ƙauye ba ya daɗewa bai yi sallama a Damagaram ba. Kowace Alhamis tiyar hatsi sai ta ƙara hawa a kasuwa. Dangi suka fara shigowa ɗai-ɗai, kowa da buhu wofi naɗe a hammata.

Mahaifina alaramma ne, sana'arsa rubutun Alƙur'ani, kuma da ka yake rubutawa. In ya gama ɗaya sai wani mai hali ya zo ya yi hadiyarsa, don a wurinmu ba a cewa an sayar da Littafin Allah. Da wannan aka ciyar da mu. Na ƙarshe ne kawai bai bari ya fita ba. Ya fara shi idonsa garau, ya gama shi yana lalube. Duk wanda ya buɗe zai ga baƙaƙen suna ƙara girma daga tsakiya zuwa ƙarshe. Izu goma na ƙarshe ni na sa musu jan wasali, don a lokacin Baba ya daina ganin ja a kan takarda. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki ba lamba, sai dai a gindin kowace warƙa an rubuta kalmar da ta buɗe ta gaba, yadda ko iska ta watsa su mai karatu zai mayar da kowace gurbinta. Yana cikin gafakarsa ta jar fata, rataye a wani ɗan icce da aka kafa a bangon zaure. Kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba sai ya miƙa hannu ya shafa gafakar kafin ya zauna. Ba ya buɗewa. Ba abin da zai gani, kuma abin da ke ciki yana kansa.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake cewa, in yana maganata da wani kuma ya ce "wancan". A gabansa na yi karatun allo, na iya ajami tun ban san kunya ba, daga baya na yi ƴan shekaru a lakwal, makarantar boko, har na iya karanta Faransanci gwargwado. Da na girma sai na kafa tebur a gindin bishiya kusa da gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Salula ta zo ta kashe wannan sana'a ba tare da ta yi mini ko gaisuwa ba. Sai na koma buga takardu a wani sibar, wato shagon da ake hayar ordinatar, kwamfuta ke nan, da intanet awa-awa. A shekarar fari masu zuwa sun ragu ƙwarai, mai shagon kuma mutum ne mai sauƙi, ya ce in ba kowa in zauna a ordinatar ɗin da nake so.

A nan ne wani ɗalibi ya nuna mini cewa kowane shafin intanet, da hotunansa da launinsa, rubutu ne a bayansa. Ya danna wani wuri, shafin ya juya cikinsa waje, sai ga layi-layi na baƙaƙe da alamomi. Na ji wani abu ya taɓa mini zuciya. Ashe sana'ar gidanmu ce ta sake riga.

Na kama ta yadda na san ana kama karatu. Na sayi babban kaye, wato littafin rubutu. In na ga shafin da ya burge ni sai in buɗe cikinsa in kwafe da hannu, maganar da baƙin alƙalamin bik, alamomin da ja, kamar wasali. In an ɗauke kuran, wato lantarki, abin da ake yi kusan kullum a zafin nan, sai in zauna bakin ƙofa ina maimaitawa har ya zauna a kaina. In an kawo in buga in ga abin da zai fito. Akwai darussa na kyauta da Faransanci, su ma na bi su, wani na gane, wani na haddace ban gane ba. Ban gaya wa Baba ba. Na san ra'ayinsa game da karatun da ba malami.

Wanda ya tona ni shi ne shugaban dukawan unguwarmu, abokin Baba tun ƙuruciya, wanda ya ɗinka gafakar nan da hannunsa. Baƙin da suke sayen jakunkuna da matasan kai na fata sun daina zuwa, mutanen gari kuwa ciki suke nema. Ya ji an ce ana baje kaya a intanet mutanen nesa su gani, kuma akwai wani furoje, irin ƙungiyoyin nan masu ba da tallafi, da ya yi alkawarin ɗaukar nauyin shafin in aka kawo shi a shirye. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce zan iya, da saurin da har yanzu nake jin kunyarsa.

Wata biyu na yi ina aikin. Na ari abin ɗaukar hoto, na ɗauki kowane takalmi da kowace jaka. A sibar shafin ya fito tas, har mai shagon ya kira maƙwabta su gani. Na sa shi a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar a kwashi aiki, muka tafi biron furojen, wato ofishinsu, ni da dattawan dukawa uku cikin manyan riguna. Ma'aikacin ya buɗe a ordinatar ɗinsa. Rubutun ya fito. Hotuna kuwa ko ɗaya babu, sai ƴan akwatuna wofi, kowane da ɗan jan gicciye a kusurwa.

Shugaban dukawa ya sunkuyo ta kafaɗata ya daɗe yana kallo.

"To, Malam ƙarami," in ji shi, "ina kayan? Ko su ma fari ya cinye su?"

Ɗayan ya ce, "A'a, ai an sayar. Ka ga kasuwar intanet, tun ba a baje ba an kwashe."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma ma'aikacin bai yi ba. Ya zare kilen ya miƙo mini, ya ce in ya gyaru in dawo kafin su rufe shekararsu. Mako biyar na yi ina fama. A sibar hotuna su fito, ko'ina ban da nan su ɓace. Na sake kwafe komai daga farko har sau biyu. Na yi addu'a. Abin ya ƙi.

Ana cikin haka Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga ƙauyen Dogo. Rumbunsa ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce, har irin da ya ajiye don shuka sun ci. Ya baro iyali suna jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji, kwana da kwanaki don a cire mata ɗaci. Baba ya ba shi abin da ke akwai. An sayar da ragon gidan, an sayar da rigar Baba ta zuwa idi, aka aika da abin da aka samu, amma kamar an zuba ruwa a rairayi. Baffa bai koma ba, ya zauna yana neman aikin ƙarfi a gari. Wata rana na ga idonsa ya tsaya a kan gafakar. Bai ce komai ba, amma Baba, da ba ya gani, ya ji shirun.

"Wannan ba na ci ba ne," ya ce.

Baffa ya ce, "Ban ce ba, Yaya."

Ran wata Litinin da hantsi Baba ya sa aka kira ni zaure. Baffa yana gefe yana gyaran igiyar guga.

"Kai. An ce ka kunyata dattawa a biro."

"Kuskure ne aka samu, Baba. Ina kan gyarawa."

"A wurin wa ka ɗauki wannan ilimin?"

"Ba a wurin kowa ba. Akwai darussa a rubuce, mutum yana iya bi da kansa."

"Da kansa." Ya juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa a tuwo. "Ka taɓa ganin na bar yaro ya wanke allonsa ban saurara ba? Takarda ba ta cewa tsaya, sake. Wanda ya yi karatu shi kaɗai, kuskurensa tare da shi yake girma, har ya zaci ɗan'uwansa ne. An ce akwai makarantar abin a Sabon Gari."

Akwai. Na san ta sarai, na sha wucewa ina leƙe. Formasiyo ce, wato horo, ta wata uku, a ƙarshe a ba mutum atastasiyo, takardar shaida mai hatimi. Kuɗinta kuwa ko a shekarar ƙoshi sai gidanmu ya yi nishi. Ranar Juma'a za a rufe ɗaukar sunaye. Na gaya masa duk wannan, na ƙara da cewa ba mu da hali.

"Na aika wa Alhaji," in ji Baba. "Zai zo ran Alhamis."

Ba sai an gaya mini wane Alhaji ba. Wani falke ne mai shigo da hatsi daga kudu, wanda ya shekara da shekaru yana bin Baba ya ba shi hadiyar Alƙur'anin nan. Hannun Baffa ya tsaya a kan igiya.

"Baba, don Allah kada a yi haka saboda ni. Ka ba ni lokaci, zan gano."

"Mako biyar ba lokaci ba ne? Hatsi wata ɗaya ne ya ƙare. Sana'a ita ce rumbun da ba ya ƙarewa. Ilimi zai fita, ilimi ya shigo. Tashi."

Da yamma Baffa ya same ni a bayan gida ina juye ruwan da na sayo a randa. Ya tsaya har na gama.

"Ɗana, ni ban san wannan telebijin taku ba," ya ce a hankali. "Kuma ba na ƙyashin ka. Amma ƙannenka a Dogo, ƙaramar cikinsu in ta tashi tsaye sai ta dafa bango. An ce ba na ci ba ne, na yarda. Yau kuma ya zama na makaranta."

"Baffa, wallahi ban roƙa ba."

"Na sani. Ni ma ban roƙa ba." Ya ɗauki moɗa ya sha ruwa, ya ajiye. "Allah ya sa ka iya."

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. In Alƙur'anin ya fita dominina, na san har in mutu ba zan iya haɗa ido da mutanen Dogo ba. In kuma na yi gardama na ƙi makarantar, na saɓa wa mahaifina, ga shi kuwa ba ni da hujja, tunda akwatunan nan wofi suna nan yadda suke. Na zauna a sibar ran Talata tun safe har aka rufe, ina canja wannan ina goge wancan. Ba abin da ya motsa.

Ran Laraba da safe Baba ya ce in kawo masa sandarsa da takalmi.

"Kai ni wurin malamin makarantar nan. Ba na ba da ɗa ga mutumin da ban san a wurin wa ya ɗauka ba. Ɗauko kayenka."

Haka al'adarsu take. Baba yana iya jero maka malaminsa, da malamin malaminsa, har zuwa wani gwani a Barno, kowa da garinsu. Ilimin da ba a san ta hannun wa ya biyo ba, a wurinsa kamar nama ne da ba a san wa ya yanka ba.

Ya ƙi hawa kabu-kabu. Muka taka daga Birni, hannunsa a kafaɗata, muna ratsa mata ƴan ƙauye da suka zauna a inuwar katangu da ƙwarya a gaba. Muka isa rana ta yi tsaka. An ɗauke kuran, ɗalibai sun watse, ordinatoci suna rufe da ƙyalle. Mushen, wato malamin makarantar, yana zaune shi kaɗai yana fifita da kwali. Saurayi ne siriri, na girme shi da kusan shekara biyar, ɗan unguwar Kara-Kara. Da ya ga tsoho sai ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe shi.

Bayan an gama gaisuwa da tambayar zafi, Baba ya ce, "Malam, wancan nake so in kawo maka. Amma ina da tambaya. Wannan ilimi, a wurin wa ka ɗauka?"

"Baba, ga takarduna nan a bango, duk da hatimi."

"Bango ba na gani, takarda kuma ba ita na tambaya ba. Mutum nake tambaya. Wa ya zaunar da kai? Shi kuma wa ya zaunar da shi?"

Mushen ya dube ni, ya dubi ƙofa. Na san, don mai sibar ya taɓa gaya mini, cewa gwargwadon yawan ɗalibai mai makarantar yake sallamarsa, kuma a shekarar ɗalibai sun yi wuya. Suna ɗaya kawai zai ambata, kowane suna, wani Bature ko wani farfesa a Yamai, Baba ba shi da hanyar bincike. In ya ambata, gobe gafaka ta tafi.

"Baba," ya ce, "ba zan yi wa furfurarka ƙarya ba. Ba wanda ya zaunar da ni. Da can shara nake yi a wani sibar a Yamai, in na gama in zauna in taɓa. Takardun nan na gyaran inji ne. Wannan na shafi, ni na koya wa kaina."

Allah ya gafarta mini, daɗi ne ya kama ni. Na ce a raina magana ta ƙare. Amma Baba bai ko motsa ba.

"In ka yi kuskure fa, wa ke ce maka sake?"

"Akwai wuraren da ake tambaya a intanet. Ka rubuta abin da ya gagare ka, wani ya ba ka amsa. Wani a ƙasar da ban taɓa ji ba."

"Kana ba su wani abu?"

"A'a, Baba. Ko fuskarsu ban sani ba."

"To ai kana da malamai, sunansu ne ba ka riƙe ba. Ka riƙa sa su a addu'a." Ya juyo wajena. "Kai, ka taɓa tambayarsu?"

Ban taɓa ba. Na ga wuraren, amma ina jin kunyar Faransancina, kuma, in faɗi gaskiya, ina jin ɗan alaramma ba ya tambayar wanda bai sani ba. Na ce a'a.

"Ba shi kayen ya duba."

Mushen ya buɗe a kan gwiwarsa kusa da taga. Da ya ga baƙi da ja a jere, shafi bayan shafi, sai ya ce, "La ilaha illallahu! Da hannu ka rubuta duk wannan?" Ya riƙa juyawa yana girgiza kai. Can ya sa yatsa a ƙasan wani shafi. "Wannan kalmar da ke gindin kowane fa?"

"Nan ake dannawa a wuce na gaba. Kalmar farko ce ta shafin da ke biye."

"Ba wata hanya? In mutum takalmi yake so, sai ya bi ta jaka, ya bi ta matashi, ya bi ta linzami?"

"Ai haka ake karatu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya tambayi me aka yi, na gaya masa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. "Ai daidai ya yi," in ji shi.

"Daidai ne ga Alƙur'ani, Baba. Amma mai saye ba sauka ya zo yi ba, tsinta yake yi ya wuce. Wannan mai sauƙi ne. Ina wurin hotunan?"

Na nuna masa. Bai kai tsawon alwala yana dubawa ba.

"Yaya, an ce da can wasiƙa kake rubutawa. To ka rubuta ka ce ga saƙo nan, amma ka baro saƙon a gida. Ka gaya wa shafin cewa hotuna suna cikin ordinatar ɗin sibar, ɗaki kaza. In ka je wani wuri sai ya nemi ɗakin ya rasa. Haɗa su jaka ɗaya da shafin, ka ce masa suna nan gefenka. Shi ke nan." Ya karɓi jan bik ɗina ya gyara layi ɗaya.

Mako biyar. Na kalli layin nan, daɗin da na ji ɗazu ya bi iska.

"Ka ji?" in ji Baba. "Ka ji abin da ido na biyu yake yi?"

Na zo ina fata a kayar da makaranta, sai ga shi a gabana an nuna amfanin malami. Baba ya dafa sanda zai tashi. "To, Malam, jibi zai kawo kuɗin."

Mushen yana riƙe da kayen, bai miƙo ba. Ya sake juya warƙoƙin a hankali, daga farko har ƙarshe.

"Baba, tunda na fara gaskiya bari in ƙarasa. Abin da muke koyarwa wata biyun farko, yana cikin kayen nan, har da abin da ba mu kai ba. Wata na uku kuwa, ni ma da mako ɗaya nake gaban ɗalibai. In takarda yake so, ya zo, takarda tana buɗe ƙofar biro. In iyawa ce, ba wata uku yake bukata ba, mai dubawa yake bukata." Ya yi ɗan murmushi. "Kada dai mai makaranta ya ji na faɗa, yara biyu gare ni."

Baba ya miƙe. Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka," muka fito. Muka kama hanyar gida. Sau biyu na buɗe baki, nauyin hannunsa a kafaɗata ya hana ni. Bai ce an fasa ba, bai aika wa Alhaji kada ya zo ba.

Ran Alhamis da hantsi Alhaji ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa buzu. Baffa yana bakin ƙofa, ya so ya fita, Baba ya ce ya zauna.

"Kai, sauko da ita."

Na sauko da gafakar. Ƙurar da ke bayanta ta bar siffarta a bango. Ba a miƙa Alƙur'ani sai an tabbatar warƙoƙinsa sun cika, don haka na yi alwala na zauna ina bi ɗaya bayan ɗaya: in duba kalmar gindi, in duba ta saman warƙa ta gaba, in kife. Alhaji yana jan carbi. Na bi ta inda hannun Baba yake siriri kamar zare, na shiga inda baƙaƙe suka fara kumbura, na iso inda jan wasalin nawa ne, har na gane wurin da hannuna ya taɓa rawa ya yi ɗan ɗigo. Ina jinkiri da gangan, kowa ya sani, ba wanda ya ce in yi sauri. Ana kiran azahar na kife ta ƙarshe.

"Sun cika, Baba."

"Alhamdu lillahi. Alhaji, hadiya tana nan yadda muka yi."

"Allah gafarta Malam, ga shi na zo da shi." Ya kai hannu aljihu.

"Bar shi a aljihunka. Hatsi nake so, da irin shuka, iyakar abin da ya kama. A ɗora a mota a sauke a Dogo, ƙofar gidan wannan."

Baffa ya ɗago kai kamar an mare shi. Ni kuma na ce, "Baba, makarantar fa?"

"Ba ka shiga. Jiya na ji abin da na je ji. Kowace Laraba za ka kai wa yaron nan kayenka ya duba, da ƴar sadakarka a hannu, komai ƙanƙantarta. Ka durƙusa masa yadda ake durƙusa wa malami, ban damu da wa ya girmi wa ba. Waɗancan na nesa kuma ka sauke girman kai ka tambaye su."

"To in haka ne, Baba, ai ba sai ya fita ba. Mu mayar."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Na sauke ta don ɗana, ƙanena yana zaune yana ji. Da wane hannu zan mayar?"

Baffa ya ce, "Yaya, wallahi ban roƙa ba. Ka bar abinka, Allah ba ya barin bawa."

"Na san ba ka roƙa ba. Da ka roƙa da ya fi mini sauƙi. Na ce ba na ci ba ne, kuma kwana uku ke nan maganar tana ci na. Alhaji, karɓi. Hannu biyu."

Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a ka, sannan ya rungume a ƙirji. Ya ce ko yaushe Malam ya so a kawo masa ya shafa za a kawo. Baba ya ce ba sai an kawo ba, a dai riƙa karantawa. Baffa ya fita bai yi sallama ba, na same shi a bayan gida ya jingina goshi da bango.

Shafin dukawa ya gyaru a makon, aka kai biro kafin su rufe, hotuna suka fito. Ba zan ce ya sa su sun yi arziki ba, amma an yi ciniki kaɗan-kaɗan, kuma ta dalilinsa wasu suka neme ni. Shekara biyu na yi ina kai kaye ran Laraba. Wasu ƙofofin sun ƙi buɗuwa saboda ba ni da atastasiyo, wannan ma gaskiya ne. In samari suka tambaye ni yau wanne ya fi, makarantar kuɗi ko koyon kai, nakan tambaye su me za a sauke daga bango kafin a biya, kuma wa zai ce musu sake.

Washegarin ranar da Alhaji ya tafi da gafakar, Juma'a, na rako Baba daga masallaci bayan asuba. Da muka shiga zaure sai ya miƙa hannu yadda ya saba. Yatsunsa suka sami iccen kaɗai. Ya ɗan riƙe shi, sannan ya zauna a buzunsa, ya gyara murya, ya ɗauko daga Fatiha da ka. Na zauna a gefensa ina bi.

Allah ya jiƙansa, ya sa duk harafin da ake karantawa a littafin nan, ko a ɗakin wa yake yanzu, ya riƙa isa kabarinsa.